Tawul ba ya bushewa, banɗaki ba ya ɗumi: nazarin zaɓen maratayin tawul mai zafi a wani gida

Tun kafin in taɓa komai a banɗakin, hancina ya ba ni rabin labarin. Wari ne na tawul ɗin da ya kwana da laima, irin wanda ko an wanke shi da sabulu mai ƙamshi, da zarar ya sake jiƙewa sai ya dawo. A kusurwar sama ta gefen taga, funfuna ta yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an watsa garin gawayi. A jikin bango kuwa ga maratayin tawul mai zafi, na kurom, sai ƙyalli yake yi, an jibge masa tawul huɗu wani a kan wani.

Sana'ata haɗa kayan ɗumama gidaje, kuma gidan yana inda sanyin hunturu ke daskarar da ruwa a waje. Tsohon gini ne mai hawa biyu. Boila mai aiki da gas ce ke dafa ruwa, famfo ya zagaya da shi cikin bututu zuwa radiyetar kowane ɗaki, wato ƙarfen da ke sakin zafin ruwan a cikin ɗakin. Mutum biyar ne a gidan: maigida da uwargida, 'yarsu mai shekara 7, ɗansu mai wata 14 da ya fara dabo yana kama duk abin da ya samu, sai mahaifiyar maigidan. Banɗaki ɗaya suke wanka a ciki.

Shekara guda kafin zuwana an yi wa banɗakin kwaskwarima. Wanda ya yi aikin ya cire tsohuwar radiyetar da ke ƙarƙashin taga, ya toshe bututunta, ya kafa wannan maratayin a bangon da ke tsakanin ƙofa da baho, ya ce musu shi kaɗai zai busar da tawul ya kuma ɗumama ɗakin. Hunturu ɗaya ya ƙaryata shi.

"Injiniya," in ji uwargidan, "da safe sai na bar shawa tana zuba minti biyar kafin in iya shigo da yaron. Tawul in aka rataye da safe, da dare yana nan da sanyinsa. In zafi ya shigo aka kashe ɗumama gida kuwa, ƙarfen nan ba shi da maraba da ƙusa a bango."

Maigidan ya riga ya yanke shawara. "Mu dai a sa mana babba, irin wannan ɗin, kowa ya huta."

Na roƙe su su ba ni awa guda da tef ɗin awo kafin a kai ga maganar saye.

Abin da ɗakin ke zubarwa

Duk ɗakin da ake so ya zauna da ɗumi, sai an mayar masa da zafin da yake rasawa ta bango, ta taga, ta rufi, da ta iskar da ke fita wata ta shigo. Daga nan ake farawa, tun ba a buɗe littafin kaya ba.

Banɗakin mita 2.5 ne a tsawo, mita 2 a faɗi, daga ƙasa zuwa silin mita 2.4. Iskar da ke ciki ta kama kubik mita 12. Bango ɗaya ne ke kallon waje, tsohon bulo ba tare da abin tare sanyi ba, da ƙaramar taga mai gilashi biyu. Da na lissafa, a kan kowane digiri ɗaya na bambanci tsakanin ciki da waje bangon na zubar da wat 8, taga wat 2 ba kaɗan, rufi wat ɗaya da rabi, musayar iska kuma wat 8. Jimla wat 19 da ɗoriya. Ana son banɗaki ya kai digiri 22, ya ɗara sauran ɗakuna, tunda mutum jiƙe yake fitowa daga wanka. In waje ya sauka digiri 2 ƙasa da sifili, bambancin ya zama 24. Ninka biyun ya ba da wat 460 da wani abu, in aka haɗa da abin da ke tsiyayewa zuwa baranda mai sanyi, wat 500 ke nan.

Uwargidan mace ce mai adana takardu. Ta ɗauko takardar da ta zo da maratayin, ta ɗora yatsa a kan lambar zafin da yake bayarwa: BTU 1,700. Wat ɗaya daidai yake da BTU 3.412 a awa, saboda haka 1,700 ya kama wat 498. A takarda, wanda ya yi aikin bai kauce ba ko kaɗan. To me ya sa ɗakin ke sanyi?

Lambar da ke jikin kwali

Amsar tana ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe: Delta T60.

Ƙarfen da ruwan zafi ke bi ta cikinsa ba shi da wani ƙarfi tsayayye. Abin da yake bayarwa ya dogara ne da yadda ya ɗara iskar ɗakin zafi, wannan tazarar ce ake kira Delta T. Ƙa'idar Turai ta gwajin radiyeta, EN 442, ta tsayar da ma'auni ɗaya don a iya gwada kaya da kaya: ruwa ya shiga a digiri 75, ya fita a 65, ɗaki yana 20. Matsakaicin ruwan 70, a cire 20, saura 50. Shi ne Delta T50. Wasu masu sayarwa suna rubuta lambarsu a T60, wasu ma a T70, domin ƙarfe ɗaya lambarsa kan kumbura in an auna shi da ruwan da ya fi zafi. Daga T50 zuwa T60 lambar kan ƙaru da kusan kashi 27 cikin 100. Ba za a ce sun yi ƙarya ba, amma mai saye da bai san da wannan ba ya sayi iska. Na mayar da lissafin baya a gabansu: wat 498 a T60 ya koma wat 393 a T50.

Ko wannan ɗin ma bai kai ga gaskiyar gidan ba. Na sauka wajen boila na tarar an saita ta a digiri 60, ruwan da ke dawowa kuma yana kusan 50. Saitin daidai ne, kuma ban so a taɓa shi. Boilar zamani tana tatsar ƙarin zafi daga tururin hayaƙinta, amma sai ruwan da ke dawo mata ya yi ƙasa da digiri 55 ko kusa da haka take iya yin hakan. Matsakaicin ruwan gidan ke nan 55, a cire 22 na banɗaki, saura 33. A wannan tazarar ƙarfe ba ya ba da fiye da kashi 58 cikin 100 na abin da aka rubuta masa a T50, domin zafin da yake fitarwa yana saurin raguwa fiye da yadda tazarar ke raguwa. Wat 393 ya dawo 229.

Ɗaki na neman 500, ana ba shi 229, kuma wannan sai ƙarfen yana tsirara. Da an lulluɓe shi da tawul huɗu an sa masa bargo, iska ba ta ratsa sandunan, ɗan abin da ya rage ya maƙale a cikin auduga.

Maigidan ya daɗe yana kallon takardar. "Wato ko rabi ba ya ba mu."

"Ko rabi, ranka ya daɗe."

Na sa hannu na bi sandunan daga ƙasa zuwa sama. Na ƙasa da zafi, na tsakiya ɗumi-ɗumi, huɗun sama kuwa sanyi ƙalau. Na sa makullin fitar da iska a ɗan notin da ke kan kusurwa na murɗa kaɗan, sai ga shi yana huci kamar tayar da ta taka ƙusa. Ya ɗauki kusan rabin minti kafin ruwa ya biyo baya, ruwan kuma baƙi wuluk. Maratayi kan zama wuri mafi tsawo a duk bututun gida, iska kuwa sama take nema, shi ya sa take taruwa a nan. Baƙin ruwan alama ce ƙarfe na cin kansa daga ciki, babu maganin hana tsatsa a cikin ruwan. Ta waje ma tsatsa ta fara hudo kurom ɗin a wajen walda na sandar ƙasa, inda ruwan wanke daɓe ke fantsama.

Maganar kurom ta fi yi wa uwargidan zafi, don ita ta zaɓe shi saboda ya dace da kan famfo da na shawa, kuma gaskiya ya yi kyau. Sai dai ƙarfe mai zafi ta hanya biyu yake sakin zafinsa: yana ɗumama iskar da ke shafarsa, yana kuma haskako zafi kai tsaye, irin wanda mutum ke ji a fuska in ya tsaya nesa da garwashi. Fuska mai ƙyalli kamar madubi ba ta iya wannan na biyun sosai, riƙe zafin take yi. Fenti kuwa yana sakin kusan duk abin da zai yiwu. In ka buɗe littafin kamfani ɗaya ka duba maratayi biyu masu girma ɗaya, za ka ga na kurom ya gaza na fenti da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci har ya doshi ɗaya cikin uku. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, launin fentin ba shi da wani tasiri a nan. Fari, baƙi, ruwan toka, kusan duk ɗaya ne. Ƙyallin ƙarfe tsirara ne matsalar.

Inda ruwan tawul ke zuwa

Na ce a ara mini sikelin kicin. Busasshen tawul daga kabad ya auna giram 600. Wanda maigidan ya yi wanka da shi da safen nan, bayan awa uku a rataye, giram 850. Ruwa giram 250 ke nan a tawul guda. Huɗu sun tashi lita ɗaya, kullum.

Kafin lita ɗaya ta ruwa ta koma tururi tana shan zafin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kilowat-awa. Wannan zafin daga maratayin yake fitowa, kuma duk abin da ya tafi busar da tawul bai tafi ɗumama ɗaki ba. A nan ne taura biyu ba ta taunuwa. Amma abin da na fi so su gane shi ne, ruwan ba ɓacewa yake yi ba, iska yake shiga. A digiri 22, kubik mita ɗaya na iska ba ya ɗaukar fiye da giram 19 na tururi. Duk iskar banɗakin, ko da a bushe take ƙarƙaf, giram 230 za ta iya riƙewa. Tawul ɗaya ya cika ta. In ba a fitar da wannan iskar an shigo da wata ba, bushewa ta tsaya, komai zafin ƙarfen. Tururin sai ya nemi wuri mafi sanyi ya kwanta, wato kusurwar nan ta bangon waje, funfuna kuma ta samu abin da take so.

Akwai fankar zuƙe iska a silin, tana ƙara in an kunna fitila. Na yagi takardar goge hannu na kara a bakinta na saki, ta faɗo ƙasa. Da na hau cikin rufi na tarar bututun roba mai lanƙwasa ne, an danne shi da akwati, ruwa kuma ya taru a inda ya lotsa har ya toshe hanya. Shekara guda fankar tana juyi a banza. Dokar gini ta Ingila, alal misali, ta nemi fankar banɗaki ta fitar da lita 15 a daƙiƙa, kubik mita 54 a awa, wanda a ɗaki irin wannan ya isa ya sauya iskar sau huɗu da rabi. Na faɗa musu ƙarara cewa da za a ba ni zaɓi tsakanin gyara fanka da sayen sabon maratayi, fanka zan fara gyarawa.

Zaɓin da ke gabanmu

Maratayin tawul mai zafi iri uku ne. Akwai na ruwa zalla, irin wanda suke da shi, yana aiki ne kawai in ɗumama gida na aiki, shi ya sa yake mutuwa duk lokacin zafi. Akwai na lantarki zalla, wani da waya mai zafi a cikin sanduna, wani cike da ruwa na musamman da elemen, wato sandar da ke yin zafi da lantarki, ke ɗumamawa, ba ruwansa da boila. Sai mai haɗa biyun: yana kan bututun gida, amma an zura masa elemen ta ƙasa, da hunturu boila, da bazara lantarki. A gidan da babu bututun ɗumama ɗakuna, ko inda bushewar tawul kaɗai ake nema, na lantarki mai ƙaramin wat ya wadatar, ba sai an tsawaita ba. A wannan gidan bututu na nan a wurin, kukan uwargida kuma ya haɗa da bazara, don haka mai haɗa biyun ne ya dace. Wannan bai ɗauke mu minti biyar ba.

Girman ne ya ja muhawara. Maigidan ya nuna mini wani mai fenti, faɗi santimita 60, tsawo 180, an rubuta masa wat 950 a T50. A ruwan gidansu zai ba da kusan 550, ya haura 500 ɗin da ake nema. A takarda ya yi. Abu biyu suka kayar da shi. Na farko, da an rataya tawul lambar ta faɗi ƙasa da buƙata, a daidai lokacin da ake wanka. Na biyu shi ne yaron. Ƙa'idar duniya ta maratayin tawul mai lantarki, IEC 60335-2-43, ta sa kamfanoni su rubuta gargaɗi cewa sandar ƙasa mai zafi ta kasance aƙalla milimita 600 daga daɓe, saboda ƙananan yara. Santimita 60 a haɗa da 180 sun zama 240, daidai silin, ko wurin sa makullin iska babu. Tsohon kuwa santimita 20 kawai ya ɗaga daga ƙasa, daidai inda mai dabo zai kai hannu.

Maigidan ya tambaya ko a ƙara wa boila wuta ta kai 75. Zai ƙara zafin, amma gas zai ƙaru a duk gidan saboda ɗaki guda, ƙarfen kuma zai zama abin tsoro. Ruwan digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙu, fatar jariri da ta tsoho sun fi saurin kamuwa. A asibitoci da gidajen kula da tsofaffi ana amfani da radiyetar da jikinta ba ya wuce digiri 43. Gida mai jariri da kaka bai kamata ya ƙara wa boila wuta haka ba.

Maganar kaka ta fito ne ta wata hanya. Ina duba maƙalan da suka riƙe tsohon maratayin, sai na ga na sama ta gefen baho yana motsi, tayil ɗin da ke kewaye da shi ya yi siririn tsagu. Tawul ba ya yin wannan. Na tambaya ko wani na jingina da shi. Tsohuwar, da ke zaune a baranda tana jin mu, ta ce ita ce.

"Ɗana, in zan fito daga bahon nan me zan kama? Shi ne a kusa."

"Mama, ku yi haƙuri, ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba. Ranar da ya ɓalle, da ku da shi da ruwan zafi za ku sauka tare. Zan sa muku marikin da aka yi domin wannan, a inda hannunku ke kaiwa."

Ta ce ba ta so ta ɗora wa kowa ɗawainiya ne shi ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ɗanta bai ce komai ba, amma daga nan ya daina maganar babba ko ƙarami.

Shawarar da na bayar ita ce a raba aikin gida biyu. Ɗumama ɗaki a mayar wa radiyeta: bututunta na nan a toshe a ƙarƙashin taga, ƙarama mai faranti biyu, tsawo santimita 40, faɗi 60, wat 730 a T50, kusan 420 a ruwan gidan. Busar da tawul a bar wa maratayi mai fenti, faɗi 60, tsawo 120, wat 640 a T50, kusan 370 in ba komai a kansa. A aikina rabin wannan kawai nake ƙirgawa in akwai tawul. Ko a haka jimlar ta kai 600, ta haura buƙata da 'yar rara. Wani amfanin kuma, in wata rana suka sauya boila da famfon zafi, na'urar lantarki mai janyo ɗumi daga waje, wanda ruwansa bai cika wuce digiri 45 ba, suna da ƙarfe biyu a ɗakin maimakon ɗaya, ko da yake a lokacin sai an sake lissafi.

Uwargidan ta zaɓi ruwan toka mai duhu, bawul ɗin kuma na kurom don su yi magana da kan famfo. Mun duba na ƙarfe mara tsatsa, wanda ya fi jure laima, amma in an goge shi ya yi ƙyalli shi ma rowar zafi yake yi. Tagulla ko mara tsatsa sun zama dole ne inda ruwan wanka da kansa ke bi ta cikin maratayin, domin sabon ruwa kullum yana kawo iskar da ke cin ƙarfe. Nasu rufaffen zagaye ne, ruwa ɗaya ke yawo, saboda haka baƙin ƙarfe mai fenti ya isa muddin an sa maganin tsatsa.

Akwai abin da ba ya cikin lambobi, wanda na sa ta gwada da hannunta a kan samfur: tazarar sanduna. Wasu an jera musu sanduna ƙut-da-ƙut don lambar wat ta yi yawa, amma babu inda za ka zura tawul mai kauri. Wanda muka ɗauka sandunansa rukuni-rukuni ne, da manyan giɓi uku, kuma ya ɗan ja daga bango yadda hannu zai shiga baya. Tawul ɗin wanka yakan kai santimita 70 a faɗi, a kan maratayi mai 50 sai an ninke shi ko an cukuikuye, a kan mai 60 ya kusa buɗewa duka. Tawul a buɗe ya fi ninkakke saurin bushewa nesa ba kusa ba.

Ranar aiki

Bangon na allon filasta ne a kan katako, an liƙa masa tayil. Sabon maratayin in ya cika da ruwa ya kusa kilo 18, ban da jiƙaƙƙen tawul. Mun buɗe bangon ta baya, ta ɓangaren baranda, muka gitta katako mai kauri a inda maƙalai za su zauna, da wani a inda marikin Mama zai kama, muka rufe. Bututun da ke fitowa daga ƙasa tazararsu santimita 45 ce, sabon yana son 55, sai da aka matsar da su aka kuma ƙara musu tsawo. Tunda yanzu za su hau santimita 60 a fili, a daidai tsayin yaron, mun rufe su da akwati. Mun wanke duk bututun gidan har ruwa ya fito fari, muka zuba maganin tsatsa.

Wuta kuwa ban taɓa ba, ma'aikacin lantarki mai lasisi na kira. An kasa banɗaki shiyya-shiyya gwargwadon kusanci da ruwa: cikin baho shiyya ta 0, samansa har mita 2.25 shiyya ta 1, santimita 60 daga bakinsa shiyya ta 2. Gefen maratayin yana santimita 45 daga bakin baho, ya faɗa shiyya ta 2, inda ake buƙatar kayan da ke jure fantsamar ruwa, mai lamba IPX4 ko sama. Elemen ɗin IP44 ne. An haɗa shi kai tsaye da waya, ba da fulogi ba, makunninsa da taima suna waje a baranda, layin kuma yana bayan RCD mai miliamfa 30, na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara bin wata hanya, ko da jikin mutum ne.

Elemen mai wat 300 muka sa, mai saitin zafi. Maigidan ya so mai 600 don ya yi sauri. Bai kamata elemen ya fi ƙarfin abin da maratayin ke iya saki ba, balle in an lulluɓe shi. Da wat 300 jikin wannan ƙarfen kan tsaya kusan digiri 50 in babu tawul, saitin kuma yana hana shi wuce inda aka tsayar masa in an rufe shi. Awa biyu da safe, awa ɗaya da dare, kilowat-awa 0.9 ke nan a rana in ya yi yawa. In aka bar shi dare da rana zai iya kai 7.2, kuma awa 21 daga ciki busasshen tawul yake gasawa.

Abu ɗaya na rubuta a kati na liƙa a cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke hannu, domin shi ne kuskuren da ke lalata irin wannan maratayi. Kafin a kunna elemen da bazara, a fitar da iska har ruwa ya fito, don elemen da ya yi zafi ba ruwa ƙonewa yake yi. A rufe bawul ɗin shigar ruwa, don kada zafin ya gudu cikin bututun gida. A bar na fita a buɗe, domin ruwa kumbura yake yi in ya yi zafi, in an kulle shi ta ko'ina zai nemi hanya ta wajen walda ko roba.

Fanka ta samu bututu mai tauri da ya ɗan gangara zuwa waje, da saitin da ke barin ta tana aiki minti 20 bayan an kashe fitila. Mun kuma rage ƙasan ƙofar da santimita ɗaya, don fanka ba ta fitar da iska in babu ta inda wata za ta shigo.

Bayan mako shida

Na koma a tsakiyar sanyi, da sassafe. Ma'aunin da na bar musu a kan kanta yana nuna digiri 21 da rabi. Takardar da na kara a bakin fanka ta manne. Uwargidan ta ce ta daina barin shawa tana zuba, Mama kuma ta kama marikinta ta girgiza shi a gabana don in ga ba ya motsi.

Ba komai ne ya daidaita ba. Giɓi uku ne, tawul huɗu, kuma yarinyar takan jefa nata a kan na wani. Wanda ke ƙasa ya bushe, na sama ya wuni da laima. Mun ƙara maƙalai biyu a bayan ƙofa, aka tsara cewa wanda ya fara wanka tawul ɗinsa ne zai fara sauka ya ba na baya wuri. Kusurwar da funfuna ta ci an kankare ta an sake fenti, ba ta dawo ba, amma da na ɗora ma'auni a wurin ta fi sauran bangon sanyi da digiri 4. Wannan aikin tare sanyi ne a jikin ginin, na faɗa wa maigidan, ya ce sai bayan hunturu.

Kafin in tafi na sake aron sikelin. Tawul ɗin maigidan, awa uku bayan wanka, a buɗe a giɓin tsakiya, ya auna giram 615.